Koyar da STEM da Ƙirar Injiniya ga 'Yan Ƙaramar Sakandare a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin malamai, masu makarantu da iyayen yara a unguwanninmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Wasu a taron iyaye da malamai ake yin su, wasu a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi. Yaran da ake magana a kansu su ne 'yan JSS1 zuwa JSS3, masu shekara 11 zuwa 14 ko kusa da haka.

Wai mene ne STEM ɗin nan? Sabon darasi aka ƙaro wa yara?

Ba sabon darasi ba ne. Haruffan farko ne na sunayen fannoni huɗu da Turanci: kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. Laƙabin ya bazu daga Amurka a farkon shekarun 2000, amma fannonin sun daɗe a jadawalin makarantunmu. Abin da ake nema shi ne a riƙa ba yaro aikin da ba zai gamu ba sai ya yi awo, ya yi lissafi, ya gane dalilin da ya sa abu ke faruwa, sannan ya haɗa wani abu da hannunsa.

Ɗauki kurar mai ruwa da ke wucewa ta ƙofar gida kullum. Idan ta ɗauko jarka 10 masu cin lita 25, ruwan kaɗai ya kai kilo 250. Yaya aka yi mutum ɗaya ke tura ta? Ina ya fi dacewa a sa tayoyin, a tsakiya ko can gaba? Me zai canja idan aka ƙara tsawon marikin? Yaron da ya zauna ya amsa waɗannan, ya ƙera ƙaramar kura da kwali da murafun kwalba ya gwada, ya taɓa fannoni huɗun a zama ɗaya.

Mene ne bambancin darasin kimiyya da ƙirar injiniya?

Mai kimiyya tambaya yake bi: me ya sa ƙarfe ke saurin tsatsa a Apapa fiye da Kano? Injiniya kuwa matsala yake bi: ƙofar shagon nan tana tsatsa, me za a yi mata da kuɗin da ke hannun mai shagon? Na farko bayani yake nema, na biyu mafita, kuma mafita ba ta zama guda ɗaya tak. Rukuni biyar a aji za su iya kawo hanya biyar, duk su yi aiki, wata ta fi arha, wata ta fi ƙarko.

Hanyar da muke koya wa yara ita ce wadda injiniyoyi ke bi. Da farko a fayyace matsalar, a san wanda take damu. Sai a rubuta sharuɗɗa: me abin zai iya yi kafin a ce ya yi, da wane kaya za a haɗa shi, cikin wane lokaci, a kan nawa. Kowa ya kawo shawararsa, a zana a takarda da awo, a zaɓi ɗaya a faɗi dalili. Daga nan a haɗa samfurin gwaji, a gwada, a rubuta abin da aka gani da lambobi, a gyara, a sake gwadawa.

A ganina gwajin nan da gyaran su ne ran aikin, kuma su aka fi tsallakewa. Ranar baje kolin kimiyya sai ka ga gidan kwali an shafe shi da fenti an jera masa fitilu, an ce firojet ne. Ka tambayi yaron nauyin da rufin zai ɗauka, ko abin da ya canja tsakanin ƙirar farko da ta biyu, sai ka tarar sau ɗaya aka yi aka ajiye. Yaron ya sha wahala kuma ya cancanci yabo a kan haƙurinsa, amma duk abin da ba a gwada an auna ba, ado ne kawai.

Malam, manhaja ta cika maƙil, ga jarrabawar kammala JSS3, wato BECE, a gaba. A ina zan cusa wannan?

Ba cusawa za ki yi ba, Malama, yana ciki tun asali. Manhajar da hukumar tsara manhajar ilimi ta ƙasa, NERDC, ta tsara wa ƙaramar sakandare kafin gyaran 2025 ta ƙunshi zanen fasaha, sanin kayan aiki irin su katako, ƙarfe da roba, ƙananan na'urori masu giya, bel da sarƙa, lantarki na farko, ƙarfi da makamashi, da kiyaye haɗari a wurin aiki. Abin da ke faruwa shi ne ana rubuta su a allo yara su kwafe. Ki ɗauki babi ɗaya a kowane zango ki mayar da shi aikin hannu, sauran ki koyar yadda kika saba.

Game da jarrabawa kuwa, ko ta Hukumar Jarrabawa ta Jihar Legas yaranki za su rubuta ko ta NECO, wanda ya ƙirga haƙoran giyar keke na gaba da na baya, ya juya feda ya ga sau nawa tayar ta zagaya, ba ya manta lissafin ranar jarrabawa. A 2025 ma gwamnatin tarayya ta sanar da gyaran manhaja wanda ya rage yawan darussa, ya kuma shigo da sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran wayar hannu, don haka aikin hannu sai ƙara samun gurbi yake yi.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, kuma kuɗi babu. Da me za mu fara?

Da abin da Legas ke zubarwa kullum. Kwalayen da 'yan kasuwar Mile 12 suka gama da su, robobin ruwa da murafunsu, tsinken tsintsiya, tiyub ɗin keke, gwangwanin madara, guntayen katako daga wurin kafinta, ƙyallaye daga shagon tela. 'Yan gwangwan, waɗanda yawancinsu 'yan uwanmu ne, sukan samu tsoffin rediyo da motocin wasan yara masu ƙananan injina a ciki. A yi magana da su cikin mutunci, a biya su abin da ya dace, a wanke duk abin da aka karɓo kafin yara su taɓa.

Idan an samu ɗan kuɗi, kayan awo za a fara saya: rula, tef na tela, ma'aunin zafi guda biyu, ƙaramin sikelin kicin, da mita ta gwada wuta guda ɗaya. Agogon ƙirga daƙiƙa yana cikin wayar malami. Ma'aunin nauyi ma akwai shi a kowace kwana, domin ledar fiya wata rabin lita ce, wato kusan rabin kilo, kuma da ita za a gwada gadar da ke cikin amsa ta gaba. Waya, batir, ƙananan ƙwayayen fitila na LED da makunni ana samunsu a kasuwar Alaba da Computer Village a Ikeja. Ban ba da shawarar makaranta ta fara da sayen akwatin mutum-mutumi mai tsada ba. Guda ɗaya za a iya saya, kuma saboda tsoron kada ya lalace sai ya ƙare a kulle a ofishin shugaban makaranta.

Wane aiki ya fi dacewa a fara da shi?

Gadar tsinken tsintsiya. Ɗan Legas ya san gada tun yana goye: Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990, gadar Lekki zuwa Ikoyi ta 2013 wadda igiyoyin ƙarfe ke riƙe da ita daga dogon ginshiƙi, da gadar sama ta Pen Cinema a Agege. Sharuɗɗan su zama a rubuce a allo: kowane rukuni tsinke 40, zare mita 3, babu gam, gadar ta haye tazarar santimita 30 tsakanin tebur biyu, kuma a rataya mata leda a tsakiya a riƙa zuba fiya wata ɗaya bayan ɗaya har ta karye.

Kada malami ya faɗa musu sirrin tun farko. Yawancinsu za su jera tsinken a kwance su ɗaure, gadar ta lanƙwashe tun a leda ta farko ko ta biyu. A nan za a tsaya a duba. A ba kowa tsinke ɗaya ya ja shi ta ƙarshen biyu, zai ga ba ya tsinkewa da sauƙi. Ya danna shi ta ƙarshen biyu, zai ga nan da nan ya gantsare, kuma guntun tsinke ya fi dogo jure dannawa. Sai a ɗaura tsinke huɗu su yi murabba'i, a ɗaura uku su yi alwatika, a tura kowanne ta gefe. Murabba'in zai karkace, alwatikar ba za ta motsa ba. Aikin gida a ranar shi ne su ƙirgo inda suka ga alwatika a hanyarsu ta komawa: turakun sabis na waya, katakon rufin da kafinta ya haɗa, ƙarafunan allon talla.

A zagaye na biyu kowane rukuni ya sake zane, ya rubuta hasashen leda nawa gadarsu za ta ɗauka, sannan a gwada. A raba nauyin da ta ɗauka da yawan tsinken da aka yi amfani da shi, domin gadar da ta ɗauki leda 6 da tsinke 24 ta fi wadda ta ɗauki 8 da tsinke 40. Wannan rabawar ce ke nuna musu dalilin da ya sa injiniya ke damuwa da tsadar kaya, ba ƙarfi kaɗai ba.

Ajina yara sun haura 60, darasi kuma minti 40 ne. Anya zai yiwu?

Zai yiwu idan ba a nemi gama komai rana ɗaya ba. Aikin gada, alal misali, a raba shi gida huɗu: ranar fayyace matsala da zane, ranar haɗawa da gwajin farko, ranar gyara, ranar gwajin ƙarshe da bayani. Idan shugaban makaranta zai yarda a haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, ya fi.

A kasa yara biyar-biyar, kowa da aikinsa: mai awo, mai zane, mai rubuta sakamako, mai kula da kaya, mai yi wa aji bayani. A kowane sabon aiki a juya muƙaman, in ba haka ba yaro ɗaya mai kaifin baki zai riƙe komai sauran su zama 'yan kallo. Kowane rukuni ya samu jakar bakko mai lamba da zai riƙa ajiye kayansa. Aji zai yi hayaniya, wannan kam babu makawa, don haka a sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka, ko a fita ƙarƙashin rumfa.

Idan abin da yaro ya haɗa ya rushe a gaban 'yan aji, ba zai karaya ba?

Zai karaya idan rushewar ita ce ƙarshen zance, ko idan aka yi masa dariya malami ya yi shiru. Shi ya sa tun ranar farko ake sanar da su cewa kowace gada sai an karya ta, har wadda ta fi kowacce ƙarfi, domin ta haka ake sanin iyakarta. Tambayar da ake yi bayan karyewa ita ce ta ina ta fara, kuma me ya sa. Ba a tambayar laifin wane ne.

Ina son malamai su ba yara labarin makarantar kan ruwa ta Makoko, tunda a garin nan aka yi ta. Mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya tsara ta, aka kammala a 2013: gini mai hawa uku na katako, mai siffar alwatika, yana yawo a kan gangunan roba 256. Ta yi suna a duniya. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, Allah Ya kiyaye babu ɗalibai a ciki, domin an riga an daina karatu a cikinta. A shekarar ce kuma aka nuna ingantacciyar ƙirarta ta biyu a baje kolin gine-gine na birnin Venice a Italiya, ta samu lambar yabo.

Labarin yana da lissafi a cikinsa. Duk lita ɗaya ta ruwa da abu ya ture tana ɗaga kusan kilo ɗaya. Idan aka ƙaddara kowace ganga lita 200 take ci, yara su lissafa iyakar nauyin da ganguna 256 za su ɗaga kafin su nutse, za su samu kilo 51,200, sai a cire nauyin gangunan da na katakon. Daga nan su haɗa nasu ƙaramin dandamali da robobin ruwa a cikin baho, su ga yadda yake kifewa idan aka tara nauyi a sama ko a gefe guda. Su kuma tattauna abin da lissafin bai nuna ba: katako a cikin laima da iskar gishiri yana buƙatar kulawa kullum, kuma wa zai ɗauki nauyin wannan kulawar?

Na ji labarin firjin tukwane da wani malami ya yi a Arewa. Za mu iya yin sa da yara a nan?

Ku yi shi, amma ku shirya ganin sakamakon da ya bambanta da na gida. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka a shekarun 1990, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan.

Sai dai dabarar busasshiyar iska take so. Iskar Dutse ko Sakkwato a watan Maris a bushe take ƙayau, tana shanye ruwan da sauri. Ta Legas kuwa a cike take da laima yawancin shekara, shi ya sa wanki ke daɗewa a igiya bai bushe ba, don haka sanyin da tukunyar za ta yi kaɗan ne. Wannan bai rage wa aikin daraja ba, a wurina ma ya fi wanda zai yi nasara kai tsaye amfani. Yara su sa ma'aunin zafi ɗaya a ciki ɗaya a waje, su rubuta bambancin safe da rana har mako guda a watan Yuni, su maimaita lokacin hunturu a Disamba ko Janairu. Su gwada a inuwa mai iska da cikin ɗaki, da fanka da babu fanka. Wanda ke da 'yan uwa a Arewa ya roƙe su su yi irin awon su turo lambobin ta waya. Za su gane da kansu cewa ƙirar da ta yi aiki a wani wuri sai an sake auna ta kafin a kai ta wani.

Akwai aikin da ya shafi ambaliyar da ke damunmu duk damina?

Akwai, kuma lissafinsa mai daɗi ne. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne daidai. Rufin aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7 murabba'in mita 56 ne, don haka ruwan milimita 30 zai zubo da lita 1,680, sama da jarka 67. Yara su yanka robar ruwa mai miƙaƙƙen jiki su yi ma'aunin ruwan sama, su auna rufin makarantarsu, su lissafa girman tankin da zai tare ruwan. Wani rukunin ya ƙera ƙaramar kwata da robar da aka tsaga biyu, ya zuba guntayen leda, ya tsara ragar da za ta tare shara ba tare da ta toshe ruwan ba. Za su fahimci dalilin da ya sa gwamnatin Legas ta hana robobin abinci na soso a Janairun 2024.

Matatar ruwa ta tsakuwa, yashi da gawayi ma aiki ne mai kyau, da gargaɗi guda wanda ba a wasa da shi. Tana tace laka ruwa ya yi garau, amma ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Kada wani yaro ya sha ko ya ɗanɗana. Garin da ya yi fama da kwalara a 2024 bai kamata yaransa su tashi da tunanin cewa duk ruwa mai haske mai tsabta ne ba.

Ɗana yana son wasa da wayoyin wuta, ni kuma ina tsoro. Me ya halatta ya taɓa?

Tsoronki a kan hanya yake, Hajiya. Wutar bango volt 230 ce, tana kisa, haka ta janareta da ta inbata. Dokar ita ce ɗan ƙaramar sakandare ba ya haɗa komai da soket, a gida ko a makaranta. Kada ya buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya ko na'urar ɗumama abinci, domin akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare su. Kada ya fasa batirin waya ko na fawa-bank, suna kama wuta idan an huda su ko wayoyinsu suka haɗu. Batirin mota kuma akwai asid da dalma a cikinsa.

Abin da ya rage masa yana da yawa: batirin tocila da na rimot masu volt ɗaya da rabi, da ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu mai volt 9. Da su zai haɗa fitilar karatu, ƙaramar fanka, ko ƙararrawar da za ta yi ƙara idan tanki ya cika. Ga misalin yadda lissafi ke shigowa. Jan ƙwan LED yana son kusan volt 2 da miliyamfiya 20, wato amfiya 0.02. Idan aka haɗa shi kai tsaye da batir mai volt 9 zai ƙone. Ragowar volt 7 ɗin a raba da 0.02, a samu 350, wato girman rizistar da ake buƙata (ɗan abin da ke rage wutar da ke isa ƙwan), sai a sayi ta kusa da ita a kasuwa, mai lamba 390 ko 470. Yankan kwali da reza da liƙin dalma kuwa sai babba na tsaye, a wuri mai iska.

Dole sai da kwamfuta? Ina batun kodin?

Duk ayyukan da aka ambata a sama babu mai buƙatar kwamfuta. Tushen kodin shi ne jera umarni daki-daki ba tare da tsallake ba, kuma ana fara shi da takarda: yaro ya rubuta matakan haɗa shayi, abokinsa ya bi su yadda aka rubuta ba ƙari ba ragi, su ga inda aka manta kunna wuta. Ko su tsara yadda fitilun kan hanya za su riƙa canjawa a mararraba ba tare da ɓangare biyu sun samu kore lokaci ɗaya ba.

Idan akwai ko da laftof ɗaya, manhajar Scratch da jami'ar MIT ta fitar a 2007 kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa ta yi aiki babu intanet. Allon Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni ya sarrafa fitila ko inji, sai a JSS3, bayan yara sun saba da batir da rizista kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata.

Wasu yaranmu daga Arewa aka kawo su, Turancinsu bai nuna ba. Da wane harshe za a yi?

A bar su su yi gardamar ƙira da harshen da tunaninsu ke gudu a cikinsa, Hausa ce, Yarabanci ne ko buroka. A rubutu kuwa su zana su sa sunayen sassa da Turanci, tunda da shi za su rubuta jarrabawa. Aikin hannu yakan fito da yaron da ake ɗauka ba ya ja a aji, musamman wanda ya taso yana taya mahaifinsa a garejin kanikanci ko wurin walda. Irin wannan yaro a ba shi muƙamin mai bayani wata rana, ya fara da Hausa, abokinsa ya taya shi juyawa.

'Yan mata fa? Kuma makarantun Islamiyya suna da rabo a ciki?

Abin da za a sa wa ido shi ne hannun wa filaya da rula suke. In aka bar yara da kansu, sau da yawa maza ke karɓe haɗawa a bar wa mata rubutu, shi ya sa juya muƙamai da aka ambata a amsar babban aji ya zama wajibi. Inda iyaye suka fi son rukunin mata zalla, a yi hakan, sharuɗɗa da kayan aiki dai su zama iri ɗaya. A tabbatar an soke gefen hijabi kafin a matsa kusa da abin da ke juyawa ko wuta. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN, wadda Injiniya Joanna Maduka ta kafa a 1982, tana da reshe a Legas, kuma makaranta za ta iya rubuta musu ta nemi wadda za ta zo ta yi wa yara magana.

Islamiyya kuwa tana da ayyukan da suka dace da ita sosai. A kafa sanda a tsakar fili, yara su riƙa auna inuwarta duk minti 10 daga hantsi, su gano lokacin da ta fi gajarta ta fara ƙaruwa, wato zawali, su gwada da jadawalin salla. Idan suka maimaita a Yuni da Disamba za su ga inuwar tsakar rana a Legas tana faɗawa kudu a wani lokaci, arewa a wani. Da gwangwanin madara mai ɗan huji da farar leda za su ga hoton waje a kife, gwajin da Ibn al-Haisam ya yi bayaninsa shekara kusan dubu da suka wuce. Su kuma san Muhammad al-Katsinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan jera lambobi a murabba'i yadda jimillar kowane layi za ta zo ɗaya a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yaya za a ba da maki? Kuma laifi ne in biya mai gyara ya haɗa wa ɗana firojet mai kyau?

Maki mafi yawa a kan littafin aikin yaro ya kamata ya tafi: yadda ya fayyace matsala, zanensa da awo, jadawalin gwaji, da abin da ya canja bayan gwajin farko tare da dalili. Sai kaso na bayanin baki, inda malami zai tambayi kowane ɗan rukuni, ba mai bayani kaɗai ba. Kyan gani shi ne mafi ƙarancin kaso. Rukunin da gadarsu ta tashi daga leda 2 zuwa 5 kuma suka san dalili sun fi wanda tasu ta ɗauki 7 ba su san yadda aka yi ba.

Alhaji, na san ƙauna ce ke sa uba ya biya a haɗa wa ɗansa, amma abin da aka biya kuɗin makaranta dominsa shi ake raba yaron da shi. Idan kana son taimaka masa, ka kai shi wurin mai gyaran ya zauna ya kalla ya yi tambaya, ka saya masa rula da littafin zane, ka tambaye shi da dare me ya gwada yau kuma me ya gani. Zane musamman kada a raina shi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya tsara siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017, da zanen motoci a takarda ya fara tun yana yaro.

Idan yaro ya nuna hazaƙa a wannan fanni, ina zai nufa bayan JSS3?

Hanya biyu ce a gabansa, kuma duk suna iya kai shi injiniyanci. Ta farko ajin kimiyya a babbar sakandare, inda zai riƙe lissafi, fiziks da kemistiri da kyau, domin su ne tare da Turanci ake rubutawa a JAMB don yawancin kwasa-kwasan injiniya. Daga nan akwai Jami'ar Legas a Akoka, tsangayar injiniya ta LASU a Epe, da Kwalejin Fasaha ta Yaba da aka kafa a 1947.

Ta biyu kwalejojin fasaha na gwamnatin jiha da ke ƙarƙashin hukumar LASTVEB, a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba, ko ta gwamnatin tarayya da ke Yaba. A can zai koyi sana'a irin su lantarki, walda, gini ko kanikanci tare da darussan aji, ya rubuta jarrabawar NABTEB, wadda ake karɓa wajen neman gurbin gaba da sakandare. Tun yaro yana zangon farko na JSS3 iyaye su je makarantar da suke so da ƙafarsu, su ga wuraren aikinta, su tambayi lokacin sayar da fom da takardun da ake buƙata, su kuma tafi da yaron da littafin aikinsa.